Aji Mai Buɗaɗɗiyar Ƙofa: Yadda Malaman Japan Suka Koyi Koyarwa a Gaban Juna

Sau biyu a shekara, a watan Yuni da na Fabrairu, wata firamare da ke unguwar Otsuka a birnin Tokyo takan cika maƙil da baƙi, kuma ba iyayen yara ba ne. Malamai ne daga kowane lungu na Japan, dubbansu, wasu sun yi doguwar tafiya a jirgin ƙasa. Sukan cire takalma a bakin ƙofa, su jeru a jikin bango da bakin taga, wasu kuma su cika babban zauren makarantar, inda aka kwaso aji guda da teburansa aka ɗora a kan dandamali. Abin da ya tara su darasi ne irin na yau da kullum: malami ɗaya, yara talatin da 'yan kai, allo da alli. In an sallami yaran, sai a zaunar da malamin a gaban jama'a a shiga feɗe darasin nasa, wani lokacin har tattaunawar ta fi darasin tsawo.

Makarantar ta Jami'ar Tsukuba ce, tun 1873 aka buɗe ta, kuma abin da ake yi a cikinta ba nata ba ne ita kaɗai. Da wuya a sami firamaren gwamnati a Japan da malamanta ba sa haɗuwa su tsara darasi tare, ɗayansu ya koyar sauran na kallo, sannan su zauna su tattauna. Sunan al'adar jugyo kenkyu, wato nazarin darasi. Yau ƙasashe da dama na tura jami'ansu su je su gano sirrin, sai ka ce abu ne da ke cikin jinin mutanen ƙasar. Alhali aro aka yi, daga Amurka, kuma waɗanda suka aro shi ba don malamai su ƙaru da juna suka yi ba. Gaggawa ce ta sa su.

A zamanin mulkin gidan Tokugawa, 'ya'yan talakawa suna karatu ne a ƙananan makarantu da ake kira terakoya, a gidan malami ko a harabar wurin ibada. Wanda ya san makarantar allo zai gane tsarin nan take: kowane yaro da nasa karatun, yana zaune a ƙasa yana kwafar rubutu da burushi da tawada, in ya gama ya kai wa malam ya duba, a ƙara masa. Babu aji ɗaya ko aji biyu. Babu malamin da ke tsayawa gaban yara arba'in yana faɗa musu abu ɗaya a lokaci ɗaya.

A 1868 aka kawar da wancan mulki, sabuwar gwamnati ta hau da sunan Sarki Meiji, tana ganin in ba ta kamo Turawa a ilimi da masana'antu ba, abin da ya sami ƙasar Sin zai same ta. A 1871 ta kafa ma'aikatar ilimi, a 1872 ta fitar da dokar da ta raba ƙasar gunduma-gunduma, ta ce za a gina firamare 53,760. A kan takarda ke nan. A ƙauyuka kuwa manoma aka ɗora wa kuɗin gini da na makaranta, ga kuma ɗauke musu yaran da ke taya su aikin gona, shi ya sa a tarzomar 1873 makarantu na cikin abubuwan da aka banka wa wuta a wasu larduna. Ko da an gina azuzuwan ma, da sauran rina a kaba: wa zai shiga ya koyar? Tsofaffin malaman terakoya da mayaƙan samurai da suka rasa abin yi, su aka ɗauka, kuma kusan dukkansu ba su taɓa ganin yadda ake koyar da aji guda baki ɗaya ba.

Saboda haka a shekarar ta 1872 aka buɗe makarantar horon malamai ta farko a Yushima, cikin Tokyo, a harabar tsohuwar makarantar da ake koyar da hikimar Confucius. Aka ɗauko wani Ba'amurke, Marion Scott, wanda ya yi aikin makaranta a San Francisco kafin ya zo Japan. Sai da tafinta, wani saurayi mai suna Tsuboi Gendo, yake magana da ɗalibansa. Aka kwashe tabarmin ɗakin, aka shigo da tebura da kujeru, aka kafa baƙin allo, aka rataya manyan takardu masu hotuna da haruffa irin na makarantun Amurka. Dabarar Scott ba ta da wuya. Yakan ware ɗaliban da suka fi ƙoƙari ya mai da su 'yan firamare, ya koyar da su kamar yadda ake yi wa yara, ya tsaya gaban allo ya jefa tambaya aji ya amsa. Su kuma su juya su yi wa sauran 'yan'uwansu haka. Manya ne fa, ba yara ba, suna zaune a kan kujera suna maimaita haruffa da ƙirga.

Da shekara ta zagayo aka haɗa wa makarantar firamaren gwaji, don masu koyon malanta su sami yara na gaske. Ita ce kakar wadda ke Otsuka a yau. Cikin shekara biyu aka buɗe irin wannan makaranta a Osaka, Sendai, Nagoya, Hiroshima, Nagasaki da Niigata, waɗanda suka gama a Tokyo suka bazu cikin larduna, ana tara musu malaman ƙauye su nuna musu sabon salon. Babu littafin da zai iya bayyana wa tsohon malamin terakoya yadda ake riƙe hankalin yara hamsin da sanda ɗaya da allo ɗaya. Sai ya gani da idonsa. Tun ranar farko, ke nan, darasi a Japan ta zamani abin kallo ne. Shi kuwa Scott ya bar makarantar a 1874, daga baya ya ƙare a Hawai yana shugabancin wata sakandare a Honolulu.

Abin da ya bari kwaikwayo ne zalla: ga yadda ake yi, ku yi haka. Wanda ya ƙara masa suka da tattaunawa shi ne Takamine Hideo, ɗan samurai daga Aizu. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka yi wa fadar garinsu ƙawanya a yaƙin 1868, kuma ɓangarensu ne ya sha kashi. Duk da haka sabuwar gwamnatin ba ta ƙi ƙwaƙwalwarsa ba. A 1875 ta tura shi makarantar horon malamai ta Oswego a jihar New York, a bakin tafkin Ontario, ta tura abokinsa Isawa Shuji zuwa Bridgewater a Massachusetts.

Oswego a lokacin ita ce cibiyar koyarwar Pestalozzi a Amurka, wato malamin nan na Suwizalan da ya dage cewa yaro ya fara da abin da zai gani ya taɓa kafin a ba shi kalma ya haddace. Edward Sheldon ne ya kafa makarantar a 1861, ya ɗauko wata malama, Margaret Jones, daga wata kwalejin horon malamai ta Landan ta zo ta koya wa mutanensa. Takamine ya sauka a gidan Hermann Krüsi, wanda mahaifinsa ya yi aiki da Pestalozzi kansa. Cikin abubuwan da suka ƙetaro daga Landan akwai darasin suka. Ɗalibi mai koyon malanta zai koyar da yara a gaban 'yan ajinsu da malamansu. In ya gama, kowa ya faɗi abin da ya gani, bisa jerin tambayoyin da aka riga aka tsara: abin da aka koyar daidai ne, ya dace da shekarun yaran? Hanyar da aka bi ta kai? Yaya malamin ya tsaya, yaya muryarsa, yaya tambayoyinsa? Yaran kuma, sun bi shi ko sun ɓace a hanya? Shugaba ne ke rufe taro da hukuncinsa.

Takamine ya koma gida a 1878, ya zama shugaban makarantar Tokyo a 1881. A 1883 wasu malamai biyu na firamaren gwajin, Wakabayashi Torasaburo da Shirai Kowashi, suka wallafa littafin dabarun koyarwa da ya bazu a ƙasar, ɗauke da misalan darussa tambaya da amsa, da kuma abubuwan da mai kallo zai lura da su. Daga nan al'adar ta tsallake katangar makarantun horo. Malaman da suka riga suka kama aiki suka fara shirya nasu taron sukar darasi a gundumominsu. A Amurka da Ingila abin ya tsaya a kan ɗalibai, ya kuma shuɗe a hankali. A Japan har masu furfura ya kama.

Sai dai ƙofar aji in an buɗe ta, ba abokin aiki kaɗai ke shigowa ba. A 1886 ministan ilimi Mori Arinori ya sake fasalin makarantun horon malamai, ya mai da su tamkar bariki: kwanan makaranta, fareti, biyayya ga na gaba. A 1890 aka fitar da umarnin Sarki kan tarbiyya, wanda ake karantawa a kowace makaranta ranar biki, kowa kansa a sunkuye. A daidai wannan lokaci wani Bajamushe, Emil Hausknecht, da ya koyar a jami'ar Tokyo daga 1887 zuwa 1890, ya shigo da koyarwar mabiya masanin ilimi Herbart. Su ne suka yanka kowane darasi gida biyar: share fage, gabatarwa, kwatantawa, haɗewa, sai aiki da abin da aka koya. Malamai suka karɓe shi hannu bibbiyu don yana da sauƙin rubutawa, sufetoci kuma suka so shi don yana da sauƙin dubawa. A wurare da yawa taron suka ya koma binciken ko malam ya tsallake mataki na uku.

A 1902 aka bankaɗo badaƙalar cin hanci tsakanin kamfanonin buga littattafai da jami'an ilimi na larduna. Gwamnati ta fake da wannan, a 1903 ta karɓe rubuta littattafan firamare gaba ɗaya. Ƙuntatawa ce, babu ko tantama. Amma ta haifar da abin da ba a yi niyya ba. Malamin da ke can arewa a Hokkaido da wanda ke kudu a Kyushu suna kan shafi ɗaya a kusan lokaci ɗaya, don haka in ɗaya ya rubuta yadda darasinsa ya kaya, ɗayan ya san ainihin tambayar da ake magana a kai, ya san inda nasa yaran suka yi tuntuɓe. A 1904 firamaren gwaji ta Tokyo ta fara buga mujallar Kyoiku Kenkyu, wadda har yau tana fitowa, kuma kafin 1910 yaran da ke rajista a makaranta sun haura kashi 95 cikin 100.

Abin da ya hura wa al'adar rai ya zo ne a shekarun 1910 da 1920, lokacin da iskar 'yanci ta ɗan kaɗa a ƙasar. A Akashi, Oikawa Heiji ya riƙa raba yara rukuni-rukuni gwargwadon inda kowa ya kai, yana sa su koyo ta hanyar yi da hannunsu. A Nara, Kinoshita Takeji, wanda ya karɓi firamaren gwaji ta kwalejin mata a 1919, ya tsara cewa yaro ya fara kokawa da matsala shi kaɗai, sannan aji ya tattauna, sannan kowa ya sake komawa shi kaɗai. Malamai dubbai suka riƙa zuwa kallo kowace shekara. A watan Agusta na 1921 wasu masana takwas suka yi laccoci a Tokyo kan sabon ilimi, zauren ya cika ya batse da malaman da suka zo daga larduna cikin hutunsu. A irin waɗannan azuzuwa mai kallo ba zai ƙaru da komai ba in ya zuba wa malami ido, don malamin ba ya yawan magana. Dole ya sunkuya ya leƙa littafin yaro. Nan ne idon 'yan kallo ya fara sauka daga kan malami zuwa kan ɗalibi, kuma a ganin mai wannan rubutu babu sauyin da ya kai wannan muhimmanci a duk tarihin.

Hukuma ba ta yi barci ba. A watan Satumba na 1924 wata tawagar masu duba makarantu ta shiga aji huɗu na firamaren gwaji ta kwalejin mata a Matsumoto, lardin Nagano. Malamin ajin, Kawai Seiichiro, yana darasin tarbiyya da wani labari na marubuci Mori Ogai maimakon littafin gwamnati. Aka titsiye shi a gaban yaran, aka dakatar da shi, ƙarshe ya bar aikin. Abin takaici, cikin tawagar har da Higuchi Choichi, ɗaya daga cikin masanan nan takwas da suka yi wa'azin sabon ilimi shekara uku kafin nan. A watan Fabrairu na 1933 kuma aka fara kame a lardin na Nagano bisa zargin ra'ayin gurguzu, malamai fiye da 200 na cikin waɗanda aka tsare.

Amma a can arewa maso gabas, yankin Tohoku mai sanyi da talauci, inda amfanin gona ya lalace a 1931 da 1934, wani abu ya tsiro wanda ba shi da alaƙa da kwaleji ko sufeto. Matasan malaman ƙauye suka riƙa sa yara su rubuta rayuwarsu yadda take: bashin da ke kan uba, yayar da aka tura aikatau, abin da aka ci jiya da dare. Sukan buga rubuce-rubucen da ɗan injin kwafi na hannu, su aika wa juna ta gidan waya. A garin Akita wani mai sana'ar awara, Narita Chukyu, ya zuba ribar shagonsa ya kafa musu mujalla a 1930, gidansa ya zama matattararsu. Sukan zauna a kan rubutun yaro ɗaya suna tambayar juna: me wannan yaron ke ciki, kuma me ya kamata malaminsa ya yi gobe? Ba wanda ya umarce su, ba wanda ya biya su alawus. Daga 1940 'yan sanda suka bi su da kame, a Hokkaido kaɗai aka tsare fiye da 50.

Bayan Japan ta sha kaye a 1945, tsofaffin makarantun horo, waɗanda aka zarga da ƙera malamai masu biyayya ido rufe, aka narkar da su cikin jami'o'i a 1949. A shekarar ce kuma wata doka ta ɗora wa malamin gwamnati wajibcin ci gaba da bincike da neman ƙwarewa muddin yana aiki. Ƙungiyar malamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1947, ta kira babban taronta na bincike na farko a Nikko a 1951, inda malamai ke zuwa da rahoton abin da ya faru a ajinsu. Ƙananan ƙungiyoyin sa-kai suka yi ta ɓullowa, na lissafi, na kimiyya, na tarihi, na rubutu, ana haɗuwa da yamma ko ranar hutu. Masanin lissafi Toyama Hiraku ya kafa tasa a 1951, shi da malaman firamare suka fito da hanyar koyar da ƙirga da 'yan fale-falen murabba'i, goma su zama sanda, sanda goma su zama faranti. A Jami'ar Nagoya, Shigematsu Takayasu ya riƙa naɗar darasi a rikoda ana rubuta kowace kalma da kowane yaro ya furta.

Wanda sunansa ya fi fita a wannan zamani hedimastan ƙauye ne. Saito Kihaku ya karɓi firamaren Shima a lardin Gunma, a bakin kogin Tone, a 1952, ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin. Ba ya zama a ofis. Yakan shiga aji ana tsakiyar darasi, wani lokaci ya tsoma baki ya jefa wa yara tambayar da za ta rikita amsar da kowa ya amince da ita, daga baya shi da malamar ajin da sauran su zauna su kwance abin da ya faru. Yaran manoma ne, malaman kuma ba zaɓaɓɓu ba ne, irin waɗanda ake turawa kowane ƙauye ne. Da makarantar ta fara buɗe ƙofarta ga baƙi, dubban malamai suka yi ta tururuwa zuwa wannan ƙauye.

Yadda abin yake a firamare ta yau, makaranta takan zaɓi buri guda na shekara, misali yara su iya bayyana dalilin amsarsu. Malaman aji ɗaya ko biyu su haɗu su ɗauki darasi guda su yi makonni a kansa. Takardar shirin da suke rubutawa tana da wani gurbi da ba kasafai ake gani a wasu ƙasashe ba: amsoshin da ake zaton yara za su bayar, daidai da kuskure, da abin da malami zai yi in kowace ta fito.

A ɗauki ɗebewa a aji ɗaya, ranar da yaro zai fara cin karo da lissafin da sai an taɓa goma. Littattafai da yawa da 13 a ɗebe 9 suke farawa, kuma da dalili. Wani yaron zai ƙirga baya ɗaya-ɗaya da yatsu har ya sauka a 4. Wani zai raba 13 ta zama 10 da 3, ya cire 9 daga 10 saura 1, ya haɗa da 3. Wani kuma zai fara cire 3 ya sauka a 10, sannan ya cire sauran 6. Da yake 9 na dab da 10, tana jan yara zuwa hanya ta biyu. Da 12 a ɗebe 3 aka ba su, yawancinsu ta ukun za su bi. Ashe lambar da malami ya rubuta a allo ita ke zaɓar irin tunanin da zai fito a ajin. Wani mai bincike, Makoto Yoshida, ya bi malaman wata firamare a yankin Hiroshima a farkon shekarun 1990, ya tarar da su suna doguwar muhawara a kan wannan gaɓa kaɗai, kafin su tsaya a kan 12 a ɗebe 7, da labarin ganyen bishiyar ginko da yaran suka tsinto.

Ranar darasin, sauran malamai sukan shigo da takardar shirin da taswirar wurin zaman yara. Ba sa taimaka wa kowa, ko sun ga yaro ya kauce. Aikinsu su rubuta abin da wane ya yi, a wane minti, da abin da ya goge. Mai koyarwa yakan zaga tsakanin tebura yana lura da wanda zai kira da farko da wanda zai ajiye sai ƙarshe, don hanyoyin su jeru a allo daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Ba a goge allon. In an tashi, duk tafiyar darasin na nan a kai, sai a ɗauki hotonsa. A wurin tattaunawa wanda ya koyar ne ke fara magana, ya faɗi inda yake ganin abin ya kuɓuce masa, kuma da yake shirin na kowa ne, sukar ba a kansa shi kaɗai take sauka ba. Baƙo daga jami'a ko ofishin ilimi ne ke rufewa. Sau da yawa daga nan sai a wuce cin abinci tare, inda ake faɗin abin da kunya ta hana a faɗa a zaure.

Mai koyon malanta a cikin wannan ruwa ake jefa shi. Makonni biyu zuwa huɗu kacal yake yi a makaranta lokacin gwajin koyarwa, amma a ƙarshensu sai ya yi darasi a gaban malaman makarantar, a tattauna shi kamar na kowa. Bambancin shi ne ya riga ya ga an yi wa wanda ya shekara talatin yana aiki irin wannan. Tun 1989 kowane sabon malami na da shekarar horo a bakin aiki ƙarƙashin wani gogagge. Teburinsa na cikin babban ɗakin malamai, yana fuskantar na abokan aikinsa masu aji irin nasa. Kuma da yake ana yi wa malamai canjin makaranta bayan 'yan shekaru, abin da aka gano a wannan makaranta yakan bi mutum zuwa waccan.

Amurkawa sun sake gano kayansu ne ta hanyar bidiyo. A wani binciken ƙasa da ƙasa kan lissafi da kimiyya na 1995, an ɗauki darussan lissafi 231 na aji takwas: 100 a Jamus, 81 a Amurka, 50 a Japan. A Amurka malami kan nuna hanya yara su maimaita. A Japan sau da yawa matsala ake ba su tukuna su yi ta fama. James Stigler da James Hiebert suka wallafa littafin The Teaching Gap a 1999, suka ware babi guda kan nazarin darasi bisa aikin Yoshida. Wata makarantar gwamnati a Paterson, jihar New Jersey, ta gayyaci malaman makarantar 'yan Japan da ke Greenwich su koya mata. Akihiko Takahashi, malamin firamare daga Tokyo wanda ya gina koyarwarsa a kan rubuce-rubucen masanan Amurka, da ya isa Chicago ya yi mamakin ganin ba a aiki da su a azuzuwan ƙasar da ta rubuta su.

Afirka kuwa ta hannun hukumar JICA ta Japan abin ya shigo. A 1998 aka fara shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a Kenya. A 2005 Zambiya ta fara nazarin darasi a makarantun Lardin Tsakiya, daga baya ta faɗaɗa shi. A 2006 irin shirin na Kenya ya iso Nijar, ya kuma iso Nijeriya da sunan SMASE, aka fara da malaman firamare na jihohin Kaduna, Neja da Filato, kafin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta zama mazaunin horon. Galibi salon bita aka bi: a horar da 'yan ƙalilan a cibiya, su horar da na jiha, su kuma su horar da na ƙasa da su. Wannan ya fi kama da abin da Scott ya yi a 1872 fiye da abin da malaman Akita suka yi a gidan mai awara. A Nijar akwai tsarin CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke haɗuwa su tattauna aikinsu, wanda a siffa ya fi kusa da na Japan, sai dai taron yakan dogara da samuwar kuɗin gudanar da shi.

A Japan ɗin ma al'adar ba ta tsira daga gajiya ba. A sakandare ba ta taɓa yin ƙarfi kamar a firamare ba, kuma malamai da kansu na kukan cewa wani darasin nunin wasan kwaikwayo ne da aka sha gwadawa don a burge baƙi. Ga kuma lokaci. Binciken ƙungiyar OECD na 2018 ya nuna malamin ƙaramar sakandare a Japan na aikin awa 56 a mako, fiye da na kowace ƙasa da aka auna. Wata doka ta 1971 ta hana biyan malaman gwamnati kuɗin ƙarin lokaci, ta maye gurbinsa a wancan lokaci da ƙarin kashi 4 cikin 100 na albashi, ko awa nawa mutum ya yi. Matasa sun fara ja da baya. A 2000 mutum fiye da goma sha biyu ne ke neman kowane gurbi ɗaya na koyarwa a firamaren gwamnati, a 2023 ba su kai uku ba, kuma hukumomin ilimi na larduna da dama suna fara shekarar karatu da azuzuwan da ba a samo musu malami ba.